Arnold Newman da Hotunan Makaɗa da Masu Zane

Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A kan wannan magana ce sana'ar ɗaukar hoton mutane ta daɗe tana tafiya, tun shekarar 1839 da aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto a birnin Paris. Mai hoto zai zaunar da mutum, ya gyara masa wuyan riga, ya ce masa ya dubi nan, sa'an nan ya ɗauka. Abin da ke fita a takarda fuska ce, ita kuma ake sa rai ta ba da labarin mai ita.

Wannan lacca za ta duba aikin wani mai hoto Ba'amurke, Arnold Newman, wanda ya rayu daga 1918 zuwa 2006, ya kuma shafe fiye da shekara sittin yana ɗaukar makaɗa da masu zane da marubuta da shugabanni. Shi a ganinsa fuska kaɗai ba ta isa ba. Wanda ke son ya san mai fasaha, tilas ya gan shi a inda yake aiki, tare da kayan aikinsa, cikin ɗakin da yake wuni. Sai dai wannan hanya ta zo da tata tambayar. Idan mai hoto ne ke zaɓen abin da za a ajiye kusa da mutum, shi ke cewa a matsar da wannan kujera, a kashe waccan fitila, to, labarin wa hoton yake bayarwa, na wanda aka ɗauka ko na wanda ya ɗauka? Tambayar tana da nauyi, domin da yawa daga cikin mutanen da Newman ya ɗauka, duniya ba ta tuna kamanninsu a yau sai ta hoto guda ɗaya, hoton kuwa nasa ne.

Abin da ya tarar

Ba Newman ya fara nuna mutum tare da kayan sana'arsa ba. Tun a shekarar 1532 mai zane Hans Holbein ya zana wani ɗan kasuwa Bajamushe mazaunin Landan, Georg Gisze, yana zaune a ofishinsa, ga wasiƙu an saƙale a bango, ga sikeli, ga hatimi, ga littafin lissafi. Mai kallo ba ya bukatar a faɗa masa sana'ar mutumin.

Da kyamara ta zo, sai al'amarin ya koma baya. Kyamarar farko tana da nauyi, tana kuma bukatar haske mai yawa da dogon lokaci, har akan kafa wani ƙarfe a bayan mutum ya riƙe masa ƙeya don kada ya motsa. Saboda haka mutane ne ke zuwa wurin kyamara, ba ita ke zuwa wurinsu ba. A Paris, cikin shekarun 1850, mashahurin mai hoton nan da ake kira Nadar ya ɗauki manyan masu fasahar zamaninsa, irin su Berlioz da Rossini masu tsara kiɗa da Delacroix mai zane. Ya kawar da labulen ado da ginshiƙan ƙarya da sauran shagunan hoto ke amfani da su, ya bar mutum shi kaɗai gaban bango fayau. Hotunan suna da kwarjini ƙwarai, amma wanda bai san Rossini ba yana iya ɗaukarsa alƙali ko attajiri.

Wanda ya fi kusa da tafarkin Newman shi ne August Sander na birnin Kolon a Jamus, wanda ya fitar da littafin hotunansa a 1929. Sander ya ɗauki mai yin kek riƙe da babban kwanon kwaɓinsa, ya ɗauki lebura da tubala a kafaɗa. Amma galibi ba ya rubuta sunayensu, sai sana'arsu, domin abin da yake nema shi ne siffar kowane rukuni na al'ummar Jamus. Gwamnatin Nazi ta ƙwace littafin a 1936, ta lalata faifayen da aka buga shi da su. Newman ya ɗauki wani ɓangare na wannan dabara ya juya ta: mutum ɗaya tak yake nema, mai suna, wanda babu irinsa.

Hoton santi arba'in da tara

An haifi Newman a New York ranar 3 ga Maris, 1918, cikin iyalin Yahudawa. Ya tashi a Atlantic City da Miami Beach, inda mahaifansa suka riƙa gudanar da ƙananan otal-otal bayan karayar tattalin arziki ta cinye kasuwancinsu na farko. Zane ya so ya koya. Ya shiga Jami'ar Miami a 1936, amma bayan shekara biyu kuɗi suka gagara, ya bar karatu. A 1938 ya sami aiki a wani shagon hoto a Philadelphia, inda ake ɗaukar mutum a kan santi 49.

A irin wannan shago babu wani tunani. Kujera ɗaya ce, labule ɗaya, fitilu a kafe inda suke. Mutum ya shigo, a ɗauke shi, ya fita, wani ya shigo. Malamin makaranta da mahauci da amarya duk su fito da zama iri ɗaya da murmushi iri ɗaya. A nan Newman ya koyi haɗa magungunan wankin hoto da sarrafa haske da yi wa baƙo magana har ya saki jiki, a nan kuma ya ƙoshi da hoton fuska tsura. Idan ya tashi daga aiki sai ya ɗauki kyamara ya shiga unguwannin talakawa, da farko a Philadelphia, daga baya a West Palm Beach da ke Florida, yana ɗaukar bangon katako da ƙofofi da allunan shaguna. A wannan lokaci aikin Walker Evans ya yi masa tasiri, watau mai hoton da ya zaga kudancin Amurka cikin shekarun 1930 yana ɗaukar gidajen manoma matalauta, wanda sau da yawa yakan ɗauki ɗaki babu kowa a ciki, amma ɗakin ya faɗi halin masu shi.

To, da rana Newman na ɗaukar mutane babu wuri, da yamma yana ɗaukar wurare babu mutane. Abin da ya rage masa shi ne ya haɗa biyun.

Ya kamata a lura da bambancin da ke tsakanin wannan da al'adar ajiye kaya a shagon hoto, wadda aka sani sosai a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana da rediyo da agogo da alƙalami da babur da yake ara wa masu zuwa ɗaukar hoto. Kayan nan suna nuna abin da mutum yake buri, ko yadda yake son dangi su gan shi. Newman kuwa kayan da mutum yake wahala da su kullum yake nema, ko da sun yi datti.

Baƙin yaƙi a New York

Sa'a ta zo masa ta hanyar masifar wasu. Yaƙin Duniya na Biyu ya koro manyan masu zanen Turai zuwa New York: Piet Mondrian da Fernand Léger sun iso a 1940, Max Ernst da Marc Chagall a 1941, Marcel Duchamp a 1942. Mutanen da a Paris sai an yi kamun ƙafa kafin a gan su, ga su yanzu cikin ƙananan ɗakunan haya, ba su da yawan baƙi, wasu ma Ingilishi bai zauna a bakinsu ba. Saurayi ɗan shekara 23 yana iya ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa. A 1941 Newman ya nuna hotunansa ga Alfred Stieglitz da Beaumont Newhall, waɗanda a lokacin maganarsu ce ke tafiya a sha'anin hoto a Amurka, suka ƙarfafa masa gwiwa, aka yi masa nuni na farko a New York a wannan shekara tare da abokinsa Ben Rose.

Dalilin da ya sa ya fara da masu zane a fili yake. Ba su da kuɗin biya, don haka ba su da ikon cewa a gyara musu hanci. Sun san abin da ake nufi da tsara siffofi a cikin murabba'i, saboda haka suna haƙuri da mai hoton da zai yi awa guda yana matsar da tebur. Bugu da ƙari, ɗakin mai zane yakan yi kama da zanensa. Sau da yawa Newman kan ba su hoto, su kuma su ba shi zane.

Hoton Mondrian na 1942 ya isa misali. Mondrian, mutumin Holan, ya kai ga matsayin da ba ya zana mutum ko itace ko gida. Layuka baƙaƙe yake ja, na tsaye da na kwance, ya cike wasu gurabe da ja ko shuɗi ko rawaya. Haka kuma ya mai da ɗakinsa: bango fari, an manna masa ƙananan kwalaye masu launi. Newman ya tsai da shi a bayan katakon da yake jingina zane a kai, sandar katakon ta miƙe sama ta raba hoton, dattijon kuma sanye da kwat, siriri, a miƙe, kamar shi ma layi ne cikin layukan. Wanda bai taɓa ganin zanen Mondrian ba, in ya dubi hoton da kyau, ya riga ya sami rabin labarin zanen. Abin mamaki, wannan mutum mai kama da limamin coci masoyin kiɗan rawa ne na baƙaƙen Amurka, har ya sa wa ɗaya daga zanensa na ƙarshe suna Broadway Boogie Woogie. Ya ba Newman zane biyu na gwaji da ya yi sa'ad da yake shirya wannan aiki. Ya rasu a farkon 1944.

A 1945 gidan adana kayan fasaha na Philadelphia ya baje waɗannan hotuna na masu zane, ya kuma saye su. Shekara guda bayan haka Newman ya tare a New York ya buɗe wurin aikinsa.

Kyamarar da ya fi amfani da ita a wannan zamani babba ce mai ƙafa uku, irin wadda mai hoto ke lulluɓa da baƙin ƙyalle, fim ɗinta inci 4 ne a faɗi, inci 5 a tsawo. A gilashin bayanta komai yana fitowa a kife, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Wannan yana da amfani, domin idan siffa ta kife ido yakan daina ganin hanci da baki, ya fara ganin duhu da haske da yadda suka rabu. Kyamara ce da ba ta yarda da gaggawa ba. Newman ya sha faɗa cikin raha cewa kashi ɗaya cikin ɗari na aikin hoto ne baiwa, sauran 99 ɗin jan kujeru ne da tebura.

Stravinsky da murfin fiyano

Mai zane yana da abin nunawa. Makaɗi ma haka, in dai mai kaɗawa da hannu ne: mai kalangu an san shi da kalangunsa a hammata, Ɗan Maraya Jos kuwa da wuya a ga hotonsa babu kuntigi. Amma a al'adar kiɗan Turai akwai wani mutum dabam, mai tsara kiɗa, wanda ke zaune shi kaɗai yana rubuta sauti a takarda da wasu alamomi na musamman, sa'an nan makaɗa tamanin ko ɗari su karanta su kaɗa. Aikinsa a ka yake. Ba a ganin sauti, kyamara kuma kurma ce. Wannan ita ce matsalar da Newman ya fuskanta a ƙarshen 1946, sa'ad da Alexey Brodovitch, mai tsara shafukan mujallar Harper's Bazaar, ya ba shi aikin ɗaukar Igor Stravinsky.

An haifi Stravinsky a 1882 kusa da birnin St. Petersburg na Rasha. Sunansa ya fito a Paris, inda ranar 29 ga Mayu, 1913, aka fara gabatar da kiɗansa na rawa mai suna The Rite of Spring, 'yan kallo suka yi ta ihu da zage-zage har masu rawa suka kasa jin makaɗa, saboda amon ya saɓa wa duk abin da kunnensu ya saba. Ya ƙaura Amurka a 1939, ya zama ɗan ƙasa a 1945, yana zaune a Los Angeles. A New York baƙo ne, a otal ya sauka. Ke nan babu ɗakin aikinsa, babu teburinsa, babu takardunsa. Duk abin da Newman ya gina hanyarsa a kai babu shi.

Newman ya ba da labari cewa yana zaune ne a wani wasan kiɗa, idonsa ya tsaya a kan murfin babban fiyano da aka ɗaga aka tokare da sanda. Baƙi ne wuluk, gefe ɗaya a miƙe, ɗaya gefen ya lanƙwasa, siffarsa kuma ta yi kama da ɗaya daga cikin alamomin rubuta kiɗa. Sai ya nemo fiyano a wani gida mai bango fayau, ya kai Stravinsky can. Zaɓin ya dace, don kuwa an san Stravinsky ba ya tsara kiɗa sai yana zaune gaban fiyano yana taɓa sautin da yatsunsa.

Ga abin da ke cikin hoton. Faɗinsa ya fi tsawonsa nesa. Murfin fiyano ya cinye mafi yawan filin. A can kusurwar hagu ta ƙasa ga Stravinsky, ƙarami, ya dogara gwiwar hannu a kan fiyano, ya tallafe kai da hannu, yana kallon mai kallo. Hannunsa da kansa sun yi kusurwa uku, sandar murfin ma ta yi kusurwa uku, ƙaramar tana amsa wa babbar kamar yadda 'yan amshi ke amsa wa mawaƙi. Bangon baya ya rabu biyu, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya duhu. Launi uku ne kawai, baƙi da fari da toka-toka. Ba a ganin madannan fiyano, ba a ganin takardar kiɗa, ba a ganin hannu yana kaɗawa. Amma tsaurin hoton da tsabtarsa da rashin ƙawarsa sun yi daidai da irin kiɗan da Stravinsky ke tsarawa a waɗannan shekaru, kiɗa mai ƙashi, wanda ba ya neman ya sa kowa kuka.

Abu biyu ne ya kamata a tsaya a kansu. Na farko, hoton da aka sani ba shi ne dukan abin da kyamara ta ɗauka ba. A fim na asali akwai sauran bango a sama, akwai jikin fiyano a ƙasa, Stravinsky kuma bai matsu a kusurwa haka ba. Bayan an wanke ne Newman ya ja layi ya datse, har ya tura mutumin zuwa bakin hoton. Na biyu, hoton da ake kafa hujja da shi a duk lokacin da ake maganar ɗaukar mutum a muhallinsa, ba a muhallin mutumin aka ɗauke shi ba. Fiyanon aro ne, ɗakin na wani ne. Newman bai tarar da wurin ba, shi ya gina shi. Watakila wannan ne ya sa bai taɓa sakin jiki da laƙabin da aka ba shi na uban hoton muhalli ba, don ya san abin da yake yi ya fi kusa da kirari. Mai kirari ba ya lissafa dukan halayen mutum. Yakan zaɓi ɗaya ko biyu, ya ƙara musu gishiri, ya jefar da saura, in kuma kirarin ya kama, shi ke nan ya bi mutum har kabari.

Mujallar ba ta buga hoton ba. Brodovitch, wanda ake ɗauka gwanin gwanaye wajen sanin hoto mai kyau, ya ajiye shi gefe. Stravinsky kuwa ya so shi, suka ƙulla zumunci da Newman, har a 1967 aka fitar da littafin hotuna mai suna Bravo Stravinsky, inda Newman ya bi dattijon gida da wurin gwaji da ɗakin wasa, Robert Craft ya rubuta bayanin.

Za a fi gane hanyar Newman in aka ajiye hotonsa kusa da na wasu gwanaye biyu da suka ɗauki wannan mutum. A 1948 Irving Penn na mujallar Vogue ya haɗa allo biyu suka yi matsattsiyar kusurwa, ya riƙa tsai da manyan mutane a ciki. Stravinsky ya tsaya a lungun nan ya kai hannu ga kunne kamar mai saurare. Penn ya hana shi komai, ya bar shi ya nemi mafita da jikinsa. A 1969 Richard Avedon ya ɗauke shi gaban farin bango yana da shekara 87, hoto uku a jere, tsoho mai rauni yana ɗago ido a hankali. Hoton Avedon ya fi na Newman ban tausayi, ya kuma fi shi faɗin gaskiyar tsufa, amma tsufa na kowa ne. Daga cikin ukun, na Newman ne kaɗai ya ce wani abu game da kiɗan kansa. Wanda ya kusanci wannan shi ne Yousuf Karsh na Kanada, da ya ɗauki Pablo Casals a 1954 ta baya, yana zaune cikin wani tsohon ɗakin ibada na dutse yana goga babbar gogensa, babu fuska ko kaɗan.

Inda ya saɓa wa kansa

Newman bai mai da hanyarsa doka ba. A 1954 ya je Vallauris, garin maginan tukwane a kudancin Faransa, ya ɗauki Pablo Picasso cikin tarin kayan aikinsa. Da ya wanke, sai ya ga idon mutumin ya fi duk abin da ke ɗakin ƙarfi. Ya datse komai ya bar fuska da hannu a dafe da ita, rabi a haske rabi a duhu. A nan dai ya yarda da maganar Hausawa, ya tambayi fuska.

Wani lokaci kuma hotonsa kan yi wa mutum abin da bai nema ba. A watan Agusta na 1949 mujallar Life ta buga hoton Jackson Pollock da Newman ya ɗauka, yana tsaye gaban wani dogon zanensa na yayyafin fenti, ya harɗe hannuwa, sigari a baki, aka kuma yi tambaya a kan shafin ko shi ne mafi girman masu zanen Amurka da ke raye. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga gidan nunin zane ba suka san shi a mako guda. Wannan tsayuwa ta taurin kai ta zama rigar da aka sa masa, mutumin kuwa mai kunya ne, mai fama da giya. Ya mutu a haɗarin mota a 1956.

Krupp

Wanda ya fi fito da haɗarin wannan hanya ba makaɗi ba ne, ba kuma mai zane ba, amma ba a iya tsallake shi. Alfried Krupp shi ne magajin babban kamfanin ƙarfe da makamai na birnin Essen. A lokacin yaƙi ma'aikatunsa sun yi aiki da dubban mutanen da aka tilasta, har da fursunonin sansanonin Nazi. Kotun Amurka a Nuremberg ta yanke masa shekara 12 a 1948 tare da ƙwace dukiyarsa, amma a farkon 1951 John McCloy, babban wakilin Amurka a Jamus, ya sake shi, aka kuma mayar masa da dukiyar. Kafin shekara goma ya sake zama ɗaya daga manyan attajiran Turai.

A 1963 mujallar Newsweek ta nemi Newman ya je ya ɗauke shi. Bisa ga labarin da ya bayar, da farko ya ƙi, ya ce shi a wurinsa mutumin shaiɗan ne, editocin suka ce su ma haka suke gani. Ya je Essen. Ya sa aka kafa dandamali a cikin ma'aikata, ya zaunar da Krupp tsakanin ginshiƙai biyu na kankare, ma'aikatar ta miƙe a bayansa. Maimakon ya haska fuskar daga gaba, sai ya ajiye fitila ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Sa'an nan ya roƙe shi ya ɗan sunkuyo. Krupp ya sunkuyo, ya sarƙe yatsunsa a ƙarƙashin haɓa. Hasken ya kama gefen fuska biyu, tsakiyarta ta faɗa duhu, idanu suka zurma, launin fim ya ba fatar wani kore-kore na rashin lafiya. Newman bai nuna masa abin da kyamara ke gani ba. Daga baya ya ce, a matsayinsa na Bayahude, wannan ita ce 'yar ramuwarsa. Krupp ya fusata da ya ga hoton.

Mutane da yawa suna yaba wannan hoto, suna cewa kyamara ta zartar da hukuncin da siyasa ta warware. Laifin Krupp tabbatacce ne, kotu ta tabbatar da shi da shaidu da takardu. Amma hoton bai tabbatar da komai ba. Fitila biyu a gefe za su mai da fuskar kowane dattijo abin tsoro, ko da waliyyi ne. Kayan aikin da aka yi wa Krupp tarko da su, watau zaɓen wuri da karkatar da haske da ba da umarnin zama, su ne dai aka yi wa Mondrian da Stravinsky hidima da su. Bambancin yana ga abin da Newman ya riga ya yanke a zuciyarsa kafin ya buɗe jakar kyamara. Masu zane da makaɗa sun yi dace, domin yana ƙaunarsu, yana ganin kansa ɗaya daga cikinsu, ɗalibin zanen da talauci ya kora daga aji. Kafin ya je wurin mutum yakan karanta abin da aka rubuta a kansa, ya dubi zanensa ko ya saurari kiɗansa, ya zauna su yi hira. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa hoto ra'ayin mai ɗauka ne.

Shekarun baya

Ya ci gaba a kan wannan tafarki har tsufa. Ya ɗauki Edward Hopper a 1960 zaune gaban gidansa na Truro, matarsa can nesa a baya, wuri shiru kamar zanen Hopper. Ya ɗauki Georgia O'Keeffe a 1968 a New Mexico, ƙasar duwatsu da ƙasusuwan dabbobi da ta yi shekaru tana zanawa. Ya ɗauki Francis Bacon a Landan a 1975 ƙarƙashin ƙwan lantarki tsirara, irin wanda ke yawan fitowa a zanensa. A 1979 gidan adana hotunan fitattun mutane na Landan ya baje aikin da ya ba shi na ɗaukar manyan mutanen Birtaniya. Ya kuma koyar da ɗalibai shekaru da dama a makarantar Cooper Union ta New York.

Stravinsky ya rasu a New York ranar 6 ga Afrilu, 1971, aka binne shi a tsibirin San Michele na birnin Venice. Newman ya rasu ranar 6 ga Yuni, 2006, shi ma a New York. Fina-finansa da takardunsa suna ajiye a Cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas a Austin. An sha buga takardar gwaji ta zaman nan na 1946, inda ake ganin Stravinsky a zama dabam-dabam gaban fiyanon aro, da kuma layukan da Newman ya ja da hannu a kan guda ɗaya, sama da ƙasa da gefe, yana nuna inda za a yanke.